Na Binne Kawu Kafin a Binne Shi

Kawu Nomau ya rasu ran Litinin da hantsi. Ina tsaye a bakin ganga ta uku ta wankin fata, hannuna cikin safar roba, wayata ta dinga rawa a aljihu. Ban ɗauka ba sai a kira na huɗu.

Muryar namiji ce. "Kai ne Ɗayyabu? Ɗan ƙanwar Fada Istifanus?"

Na juya wa mutane baya. Na ce ni ne.

"Sunana Fada Bitrus. Tare muke aiki da shi. Ka yi haƙuri, Fada ya tafi. Ƙarfe tara da rabi, a asibiti."

Na ce to. Ya ci gaba da magana, ƙarar injin ta cinye sauran. Na kashe wayar.

Kawu Nomau yayan Innata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mutanen Gidan Barau ne, wani ƙauyen Maguzawa can gaba da Rano. Ita ta musulunta, ta zama Aina'u, ta auri babana direban tirela, wanda ya rasu ina aji biyu a sakandare. Shi kuma 'yan mishan suka kai shi makaranta, ya zama limamin coci, na Katolika, waɗanda ba sa aure. Su suna ce masa Fada Istifanus. Mu Kawu Nomau muke cewa. A layinmu na Panshekara babu wanda ya san aikinsa. A kamfani ma haka.

Kamfanin jima nake aiki a Challawa. Shekara biyu. Ni ba ma'aikacin dindindin ba ne, sunana yana takardar 'yan kullum. Kowace safiya Malam Labaran, shugaban shif ɗinmu, yana tsayawa a bakin get ya kira suna. Wanda aka kira ya shiga. Bayanmu kullum akwai mutum talatin ko arba'in a tsaye, daga Jigawa, daga Nijar, daga ƙauyukan nan, suna jiran wani ya yi fashi. Doka ɗaya ce ke tsare gurbin mutum in bai zo ba: rasuwa. Kwana ɗaya ake bayarwa, ranar jana'iza. Mamaci ɗaya, kwana ɗaya.

Na cire safar, na sami Malam Labaran yana duba fatun da suka fito daga injin aske.

"Malam, an yi mini rasuwa. Kawuna."

Ya ajiye fatar. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ciwo ya yi?"

"Ya ɗan kwanta."

"Yaushe jana'izar?"

"Bayan la'asar," na ce. "A ƙauye."

Ban shirya faɗin haka ba. Bakina ne ya faɗa. Mutum ya rasu da hantsi, a binne shi da la'asar, iya abin da na sani ke nan tun da aka haife ni. Kuma ko da na san wata amsar, ban san yadda zan faɗe ta a gaban mutum goma sha biyu masu sauraro ba.

"Maza tafi kar ka rasa sallar," ya ce. "Zan rubuta maka a ofis."

Ya rubuta.

Inna tana tsince shinkafa na shiga. Na faɗa mata. Ba ta yi kuka ba. Ta ture farantin gefe, ta zauna tana kallon ƙafarta. Can ta ce in kira mutumin, in tambaye shi ƙarfe nawa za a kai shi.

Na kira, na sa ta ji. Fada Bitrus ya ce ba yau ba. Ba gobe ba ma. Sai Alhamis ta sama. Bishop ya yi tafiya, kuma sai limaman coci sun taru daga garuruwa. Su ne ke binne nasu, ba dangi ba. Kafin nan yana ɗakin ajiyar gawa na asibiti.

"Kwana goma?" in ji Inna. "A cikin ƙanƙara? Mutumin da ko ruwan firji ba ya sha?"

Sai a lokacin ta yi kukan.

Washegari na koma aiki. Da aka tashi, bayan la'asar, mutum bakwai suka biyo ni gida ta'aziyya. Ban iya hana su ba. Ba a hana wannan. Na shimfiɗa tabarmi biyu a ƙofar gida, na kawo ruwan leda. Malam Labaran ya zauna a tsakiya. Shu'aibu, abokin aikina a ganga, ya zauna kusa da ni.

"Ka samu sallar dai?" Shu'aibu ya tambaya.

"Na samu."

"An yi jama'a?"

"An yi."

"Me yake yi, marigayin?" in ji Malam Labaran.

"Malami ne."

"Masha Allah. Ya bar iyali?"

"Bai bar kowa ba."

"Allah sarki. To ku ne iyalin." Ya ɗaga hannu. Kowa ya ɗaga. Ya yi addu'a doguwa, irin tasa, ba ya gaggawa. Allah ya jiƙansa, ya yalwata kabarinsa, ya haskaka masa, ya sauƙaƙa masa tambaya. Ina cewa amin, ina tuna cewa ko haƙa kabarin ba a yi ba. Aka shafa Fatiha.

Bangon zaurenmu bulo ɗaya ne. Ana jin tari ta cikinsa.

Da suka tafi na shiga da tabarmin. Inna tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta. Ba ta faɗin sunana, ni ne ɗan fari.

"Kai," ta ce. "Ashe har ka binne shi."

Na jingine tabarmin.

"Kai kaɗai. Ko ka gaya mini in zo in ga yayana."

"Inna, ai kun san yadda mutane suke."

"Na sani. Shekara ashirin da shida ina sani." Ta miƙe da ƙyar, ta dafa bango saboda gwiwarta. "Ran Alhamis za ka kai ni. Ni ban taɓa shiga wurin nan ba, ban san ta ina ake shiga ba. Ba zan tsaya a kansa ni kaɗai ba."

Ta shige ɗaki.

Tun daga ranar na kasa zama wuri ɗaya. In ina gida, ina son fita. In na fita, ƙafata ta kai ni bakin titi, in tsaya ina kallon tireloli, in dawo. A wurin aiki na zuba gishiri sau biyu a ganga ɗaya. Na bar famfo a buɗe. Duk fatar da na ɗago daga ruwa, mai sanyi, mai nauyi, sai na tuna inda yake kwance.

Sau biyu yake zuwa mana a shekara, bayan ƙaramar salla da bayan girbi. Da tsohuwar motarsa mai tari. In ya iso kwanar Panshekara yakan tsaya, ya cire farin abin nan na wuyansa ya jefa a aljihun mota, ya zura doguwar riga, ya kafa hula. Maƙwabta suna ce masa Malam Nomau. Yana amsawa. Ban taɓa tambayarsa ko abin yana damunsa ba. In an kira salla yakan zauna a zaure yana jujjuya makullinsa. In na yi nawa ya leƙo.

"Ustazu, an fa tayar. Ko sai na je na riƙe maka sahu?"

Haka yake kirana. Ustazu. Tun ina shekara bakwai, ranar da na ce masa zai shiga wuta. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce to in yi ta yi masa addu'a, ya ga kamar ina da hanya a sama.

Shi ya kai ni jarrabawar fita daga sakandare a motar nan, kullum, sati uku. Yana jira a gindin darbejiya da jarida. Sakamako ya fito, na faɗi lissafi da Turanci. Ya saya mini tsire. Ya ce a sake. Ban sake ba. Na tafi Challawa.

Ganin ƙarshe da na yi masa wata huɗu ke nan. An tashi daga aikin safe, muna fitowa kamar mu sittin. Sai ga shi a tsallaken get, jikin motar. Bai canja kaya ba. Farar riga har ƙasa, abin wuyan, da gicciye a ƙirji. Ina jin daga dubiyar wani ya fito ya biyo. Ya rame. Ya hango ni, ya ɗaga hannu.

Shu'aibu ya zungure ni. "Wancan fadan kai yake wa hannu?"

"A'a."

"Wallahi kai yake kallo."

"Mai neman hanya ne ƙila."

Na wuce. Ta gabansa na wuce, tsakaninmu bai fi taku biyar ba. Hannun ya sauka a hankali, ya kai shi kan rufin motar kamar dama can zai ɗora. Na hau adaidaita, ban waiwaya ba.

Washegari maigadi ya kira ni ya ba ni leda. "Wani fada ya ce a ba mai suna Ɗayyabu na ganga." Gwangwanin madara ne cike da man kaɗanya. Da 'yar takarda: Innarka ta ce hannunka yana tsagewa. Ka shafa safe da yamma.

Ban kira shi ba. Shi ma bai kira ba. Na ce sai ya zo bayan girbi.

Man yana nan. Ya kusa rabi.

Ran Asabar Fada Bitrus ya sake kira. Ya ce ƙarfe goma na safe, a babban cocinsu na cikin gari, daga nan a wuce maƙabarta.

"Fada ya rubuta sunanka da na mama tun yana da rai," ya ce. "Ku ne dangi. In an zo zuba ƙasa ku za a fara kira."

"Babu wasu daga ƙauye?"

"Akwai tsofaffi biyu ko uku. Amma ku ya rubuta."

Na ce to. Kullum to nake cewa.

Ƙarfe goma na safe ran Alhamis ina aiki. Kuma satin nan ana cika kwantenar fatun da za a fitar waje, an ce ko mai zazzaɓi ya zo da zazzaɓinsa. Kwana ɗayan da nake da shi na Kawu na riga na cinye shi a kan jana'izar da ba a yi ba.

Ran Litinin muna cin shinkafa da wake wurin Hafsat mai abinci, a bakin katanga, Shu'aibu ya dube ni.

"Kai tunda kawun nan ya rasu ka koma kamar fatar da aka manta a toka. Ci abinci mana."

"Ina ci."

"Yau ba kwana bakwai ba? Ba sadaka? Na zaci za mu je mu ci waina."

"Ba ma yi."

"Au, ku ma masu cewa bidi'a ne? Hafsat, ji wata rowa da sunan sunna."

Hafsat ta ce ita dai a miƙo mata kwanonta.

Na ce, "Shu'aibu, in mutum yana son fashi ran Alhamis fa?"

"Wannan Alhamis ɗin? Sai dai in kai ne mamacin. Ko shi ma sai Malam Labaran ya taɓa ka ya ji ka yi sanyi."

Na gwada. Ran Talata na ce wa Malam Labaran zan kai Inna asibiti jibi, gwiwarta. Ya ce Allah ya sawwaƙe, in kai ta da yamma, akwai likitan yamma. Na ce kati ne na safe. Ya ce to a canja katin. Ya dube ni ta saman tabarau, na fasa ƙarawa.

Na nemi wani a shif ɗin dare mu yi musanya. Ya ce ba a yarda satin kwantena ba. Na yi tunanin in kashe wani kawun. Na zauna a kan buhun gishiri ina zaɓar masa suna. Har na zaɓa. Sai na tuna za su sake biyo ni gida, su sake ɗaga hannu, Inna tana bayan bango.

A gida ta fito da atamfarta mai duhu ta goge da kanta. Ta wanke farin mayafi. Ba ta sake tambayata ba. Ta ajiye takalmanta a bakin ƙofa tun ran Talata, a jere, suna kallon waje.

Ran Laraba bayan azahar mutane suka watse daga rumfar da muke salla. Malam Labaran yakan daɗe yana lazimi. Na zauna a bayansa. Na tashi. Na je bakin famfo na wanke hannun da yake a wanke. Na dawo.

"Ɗayyabu, ko ka zauna ko ka tafi. Kana yanke mini lissafi."

Na zauna. "Malam, magana ce."

"Gwiwar ce?"

"A'a. Kawun nan nawa."

"Allah ya jiƙansa."

"Ba a binne shi ba."

Carbin ya tsaya.

"Gobe za a binne shi. Ƙarfe goma."

Ya juyo gaba ɗaya. "Wane irin mamaci ne ake binnewa bayan kwana goma?"

"Kirista ne. Fada ne. Limamin coci."

Ina jin gangunan suna juyawa a ciki, fatu suna faɗuwa, suna sake faɗuwa.

"Yayan mahaifiyarka?"

"Uwa ɗaya uba ɗaya."

"Ka ce mini malami ne."

"Yana koyarwa."

"Kar ka raina mini hankali." Bai ɗaga murya ba. "Na tambaye ka yaushe jana'iza, ka ce bayan la'asar. Na ce maza kar ka rasa salla. Na kwashi mutane na je ƙofar gidanku. Na ɗaga hannu ina roƙon a yalwata kabari. Kana cewa amin. Duk lokacin nan bawan Allah yana ina?"

"Asibiti. A firji."

"Tsohuwar tana ji?"

"Tana ji."

Ya shafa fuskarsa da hannu biyu. "Da ka ce mini Kirista ne, me ka zaci zan yi? In cinye ka? Akawun da ke biyanka albashi me ne? Injiniyan da ke gyara maka ganga fa?"

"Su ba kawuna ba ne."

Ya dube ni ya daɗe.

"Addu'ar da kuka yi, Malam…"

"Bar wannan. Wannan tsakanina ne da Ubangijina, ni zan ji da ita. Kai ji da taka." Ya miƙe, ya naɗe dardumarsa. "An rubuta maka rasuwa ran Litinin waccan. Da hannuna na rubuta. Ba zan shiga ofis in ce mutumin ya sake mutuwa ba. Ba zan yi ƙarya a kan ƙaryarka ba."

"To ya zan yi?"

"In ba ka zo gobe ba, fashi zan sa. Ka san abin da ke bayan fashi. Ka ga mutanen da ke bakin get."

"Na gani."

"To."

Ya tafi. Na juya, sai ga Shu'aibu a bakin rumfar, takalminsa ɗaya a hannu. Ban san tun yaushe yake nan ba.

"Mai neman hanya," ya ce.

Na miƙe.

"Kai, Ɗayyabu. Tsoho ya ɗaga maka hannu." Ya sa takalmin, ya wuce ciki. Har aka tashi bai sake yi mini magana ba.

Ran Alhamis na tashi na sa kayan aiki. Na tsaya a tsakar gida da su. Ƙarfe shida da rabi, in na fita yanzu zan sami kiran suna. Inna ta fito cikin atamfar, ta yafa mayafin, ta zauna a kan turmi tana ƙoƙarin sa takalmi. Gwiwar ta hana ta sunkuyawa. Ba ta kalle ni ba. Ba ta ce in taimaka ba.

Na durƙusa na sa mata. Sannan na shiga na canja riga.

Adaidaita biyu muka hau. A ƙofar cocin ta riƙe hannuna da ƙarfi, kamar za mu tsallaka titi. Ban taɓa ganin mutane haka a kan mutum ɗaya ba. Limamai cikin fararen kaya sun fi hamsin. Mata da ɗankwali iri ɗaya. Na tsaya a bakin ƙofa da hulata a kai, ban san ko cirewa ake yi ba.

Wata tsohuwa ta ƙura mini ido. "Kai ba ustazun Fada ba ne?"

Na ce, "Na'am?"

"Shi ne mana! Ga goshin. Ku zo ku ga ustazun Fada, mai jima a Challawa." Ta kama ɗaya hannun. "Ya hannun? Ni na kawo masa man daga ƙauye. Ya ce na ɗansa ne, in zaɓo mai kyau."

Suka taru. Wannan ya ce Fada ya ce na haddace izu goma. Wancan ya ce an ce ba na son magana. Wata ta rungume Inna tana cewa Aina'u, Aina'u, kamar tare suka girma. Sunanta na Musulunci suke kira. Shi ya gaya musu. Duk sun san mu. Har faɗuwata a lissafi wani dattijo ya sani, ya ce Fada ya ce zan sake.

Fada Bitrus ya zo ya kai mu layin gaba. Ashe yaro ne, bai fi ni da shekara goma ba. Ya ce in bar hulata.

An buɗe akwatin. Kawu yana kwance cikin kayan aikinsa, da abin wuyan. Fuskar ta yi duhu, ta ƙanƙance. Inna ta sa bayan hannunta a kumatunsa ta janye da sauri.

"Sanyi," ta ce. "Yaya, sun bar ka a sanyi."

Ni hannunsa na kalla. Na dama. An ɗora shi a kan na hagu.

Suka yi waƙoƙi da Hausa, suna tashi suna zama. Mu muna zaune. Ban san me zan yi da bakina ba, sai na yi shiru. Ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce, na ce yanzu wani yana kan gangata. Sha biyu, na ce yanzu ya iya ta.

A maƙabarta rana ta take. Aka saukar da akwatin da igiya. Bishop ya gama nasa, sai Fada Bitrus ya ɗaga takarda.

"Dangi. Aina'u, ƙanwarsa. Ɗayyabu, ɗansa."

Aka miƙo mini shebur. Na ce a'a. Na sunkuya na ɗebo da hannu. Jar ƙasa ce, da zafi, ta shiga tsagar yatsuna. Na ba Inna rabi ta zuba. Na zuba nawa. Ta yi ƙara a kan katakon. Na sake ɗebowa. Na sake. Sai da Fada Bitrus ya dafa kafaɗata na tsaya.

A hanyar dawowa Inna ta yi barci a adaidaita, kanta a kafaɗata. Ni ina ƙirga kamfanonin da ke Sharada da Bompai, waɗanda na san wani a ciki. Ba su da yawa.

Ran Juma'a na isa get tun shida. Ban tsaya inda na saba ba. Na tsaya a baya, cikin masu jira. Wani ɗan Nijar ya matsa mini.

Malam Labaran ya fito da takarda. Ya fara kira. Inda sunana yake zuwa, bayan na Shu'aibu, ya kira wani Sagir. Wani dogo ya fito daga kusa da ni ya shiga. Shu'aibu ya waiwayo sau ɗaya, ya shige.

Aka gama. Ya naɗe takardar. Mutane suka fara juyawa, ni ma na juya.

"Ɗayyabu."

Na dawo. Ya tsaya a tsakiyar ƙofar, kowa yana ji.

"An binne shi?"

"An binne shi."

"Wa aka binne?"

Na dubi maigadi. Na dubi masu jira, su wajen talatin. Ta cikin get ina hango su Shu'aibu sun tsaya.

"Kawuna," na ce. "Fada Istifanus. Yayan Innata."

"Da idonka ka gani wannan karon?"

"Da hannuna na zuba ƙasa."

Ya dubi hannun. Ya buɗe takardar, ya ciro biro daga hularsa.

"Gangarka ta tafi, ba zan cire yaron nan ba, jiya ya yi aikin mutum biyu. Akwai gurbi ɗaya a ramin toka. Wanda ke ciki ya gudu."

Kowa ya san ramin toka, inda ake jiƙa fatu gashinsu ya zube. Safar roba ba ta kwana uku a can. Hannu ma haka.

"Ina so," na ce.

"To shiga. Allah ya ba tsohuwa haƙuri."

Na shiga. A bakin ramin warin ya daki fuskata. Ina sa takalmin roba Shu'aibu ya zo wucewa da baro, ya tsaya.

"An yi jama'a?" ya ce.

"An yi."

"Na gaske?"

"Na gaske."

Ya jefo mini safarsa, sabuwa ce, ya ɗauki tsohuwar tawa. "Ɗan gidan Fada. Da ka faɗa tun farko da mun je mun ci shinkafar coci. An ce da nama suke yi."

Ya tura baronsa. Na ciro gwangwanin daga aljihu, na buɗe. Saura ƙasa da rabi. Na lakato kaɗan, na shafa a tsagar yatsun, inda jar ƙasar ba ta gama fita ba. Na sa safar, na sauka.